Macijin da ya fito a hoton Gwaggo Hajo

Ranar wata Juma'a a Disamban 1969, muna wasan ampe a bakin pampo, mai hoton unguwarmu ya shigo gidanmu na Zangon Kumasi ko sallama babu. Ya miƙa wa Baba hoto yana nuna gefe guda da yatsa. Hoton Gwaggo Hajo ne, ƙanwar Baba, wanda aka ɗauka da safiyar nan kafin ta kama hanyar komawa Nijar, lokacin da gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar. Ga ta zaune da jaririyarta a cinya, ga kwandon kayanta a gefe, an shimfiɗe shi da ɗanyen ganyen da ake naɗe goro don kada ruwa ya taɓa zannuwan. A bakin kwandon kuwa, tsakanin ganye da zane, ga kan maciji da ɗan jikinsa. Mu duka muna tsaye a wurin sa'ad da aka ɗauka, ni ce ma na riƙe wa jaririyar takalminta, amma wallahi ba wanda ya gan shi.

Nan take gidan ya cika. Tsofaffin da suka taso a arewa suka riƙa karɓar hoton suna kai shi hasken rana. Wannan ya ce ɗan mesa ne, ba ya da dafi, dubi zanen jikinsa. Wancan ya ce kububuwa ce. Kakata ko sunansa ta ƙi kamawa, sai salati take tana cewa, "Igiyar nan, igiyar nan!" Duk macizan sahara suke lissafawa, sun manta ganyen daga kurmi aka kawo shi da safiyar nan. Maame Akosuwa, Ba'ashantiyar da ke sayar mana da kenke, dafaffen ƙullin masara, ta goge hannu ta karɓa. Ba ta dubi zanen jikin ba, kan ta duba, mai faɗi kamar ganye, da 'yan ƙahoni a hanci. Ta ce, "Onanka ne, kasar kurmi. Ba ya gudu, kwanciya yake yi ya jira hannu." Sai na tuna a kwandon nan Gwaggo take zura hannu ta ɗauko zanen goyo.

Baba ya ruga tashar mota ta Kejetia ba hula, ni ina binsa ina kuka. Ina! Motarsu ta daɗe da tashi. Ya bi direbobin arewa ɗaya bayan ɗaya yana nuna hoton, yana roƙo, "Don Allah in kun gan ta, kada ta buɗe kwandon." Watannin da suka biyo baya, ko wanke-wanke nake yi, in na ga baƙo ya doso zaure sai in ajiye kwano in kasa kunne, ko mugun labari ya kawo. Na daina taɓa kowane kwando a gidan sai da sanda.

Sai bayan Babbar Sallah wani farke ya kawo labari. A kan iyaka sojoji sun zazzage kayan kowa a ƙasa, macijin ya faɗo tare da zannuwan, aka kashe shi da gindin bindiga. Gwaggo da 'yarta lafiya lau. Kakata ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida. Amma Gwaggo ba ta sake taka Kumasi ba har ta rasu.

Yanzu jikokina in sun ga maciji sai su ɗauke shi a waya, kafin ka sha ruwa an faɗa musu sunansa. Hoton nan yana wurina har yau, shi kaɗai muke da shi nata. Sai da na yi furfura na lura ashe dariya take yi a ciki.