Yaya, Ke Kika Ce A Yi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Yaya, a ɗakinki, kusa da keken ɗinkinki.

Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Inna. Kayan makarantata duk ke kika ɗinka, kina ƙara tsawon hannu wai don na cika saurin girma. Ban taɓa jin kin yi mini gori ba.

Shi ya sa ba zan yi shiru ba. Jiya a falo na ji Kawu yana cewa, "Da likitoci ba su taɓa ta ba, da tana nan." Kawu, da girmanka, amma ba ka ga Yaya ba lokacin da ƙari ya toshe mata hanyar matsarmama, idanunta suka yi rawaya, tana susa har jini.

Yaya, ina zaune a asibiti wata likita ta yi miki bayanin aikin da za a yi. Za a zura siririn bututu ta baki, na'urar da ke bakinsa ta nuna hoton ciki, a huda da allura a buɗe wa ruwan matsarmamar sabuwar hanya. Ba ta ɓoye komai ba: jini na iya ɓallewa, hanji na iya ɓulewa, ɗan bututun da za a bari a ciki na iya gocewa. Kika ce, "Likita, na ji. Ki yi aikinki, na gaji da susa."

Aka yi aikin, kuma bututun ya goce ɗin. Zazzaɓi ya rufe ki, ciki ya ɗaure. Da yake an faɗa mana alamomin, ba mu tsaya jiƙe-jiƙe ba, muka koma asibiti. Likitar ta ce, "Abin da muke gudu ya faru." Ta sake shiga ta gyara, aka zuƙe ruwan da ya yoyo, aka ɗora ki kan maganin ƙwayoyin cuta. Da kika farfaɗo har tsokanarta kika yi, wai ɗinkinta bai kai naki ba.

Kin tashi, Yaya. Kin ci abinci da marmari, kin goya jikarki, kin yi damina guda ba ƙaiƙayi. Cutar ce ta ci gaba da aikinta har wa'adi ya cika. Ko yau aka maido mu ofishin likitar nan, bayanki zan tsaya.

Allah ya jiƙan ki, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Ya ba mijinki da 'ya'yanki haƙurin rashi. Kawu, kai ma ina yi maka ta'aziyya. Na san zafin rashi ne ya yi magana. Amin.