Noeline Farrugia, Muryar da Ke Cikin Kunnen Taurari

Kullum da safe Noeline Farrugia kan hau jirgin ƙasa na cikin gari daga unguwar Coburg zuwa tsakiyar birnin Melbourne, wuyanta naɗe da gyale, gorar shayi a jaka. Ba ta magana da kowa a hanya, muryar take tanadi. Da ta isa situdiyon ɗaukar waƙa sai ta shige wani ɗan ɗaki da ko taga babu, ta rera tsofaffin waƙoƙin jaz a kan kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ta riga ta ɗauka. Wannan rerawar ba ta zuwa kasuwa. Ita ake sa wa tauraron mawaƙan zamani a kunne ranar da zai yi tasa, yana ji yana bi. Inda ta ja numfashi ya ja, inda ta ɗan jinkirta ya jinkirta.

Sama da shekara talatin tana wannan aiki. Duk mawaƙin da kasuwarsa ta fara ja da baya sai ya sa baƙar kwat, ya ce ya koma waƙoƙin kakarsa, 'yan jarida su yi ta cewa muryarsa ta nuna. Wace irin nuna? Noeline ce a kunnensa.

Desmond Achterberg, mai kaɗa babban goge, yana wurin ranar da aka kawo matashiyar mawaƙiya Tayla Rennick ɗaukar faifai. Yarinyar ta saba da waƙar ihu a filin wasa, ta dinga dukan waƙa har ta gaji ta fashe da kuka. Noeline ta ja ta gefe, ta tsiyaya mata shayi.

"'Yar nan, ba kokawa ake yi da waƙar ba," in ji ta. "Bar makaɗan su wuce gaba, ke ki biyo su a hankali."

A lokacin likita ya riga ya gaya wa Noeline ta huta, akwai ƙari a maƙogwaronta. Ba ta huta ba. Baiti bayan baiti ta yi ta rera wa Tayla har faifan ya kammala. Abu ɗaya ta roƙi Craig Pellew, mai shirya faifan.

"Craig, wannan ne na ƙarshe. Ka sa sunana a bayan faifan, ko a can ƙasa ne."

"Haba Noel, kin san yadda harkar take. Mutane so suke su ji daga zuciyar Tayla abin ya fito. Za mu aiko miki da furanni."

"Furannin zan nuna wa jikokina?"

Faifai ya fito. A bayansa an gode wa mai gyaran gashi, an gode wa direba, har karen Tayla an gode masa. Babu Noeline. Wannan ba mantuwa ba ce, zalunci ne da ido buɗe, kuma Tayla ta karanta ta bar shi a haka. Abin da ciwo.

Bayan an yi wa Noeline aiki a maƙogwaro, muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Ta zo situdiyo ɗaukar kayanta, ta ratsa ta bayan zaure ana cikin gwajin waƙa da Tayla. Makaɗa suna da al'adarsu: tunda hannu na riƙe da kayan kiɗa, da ƙafa suke yi wa nasu tafi. Desmond ya fara goga takalminsa a ƙasa, masu goge suka ɗauka, masu busa suka bi, har ƙarar ta danne waƙar Tayla. Madugun makaɗa ya sauke sandar da yake ba su umarni da ita.

"Lafiya? Me ya faru kuma?" in ji Craig.

"Mawaƙiyar ce ta shigo," in ji Desmond.

Noeline, ke ce kika koya wa taurari numfashi suka tafi da lambobin yabo. Ke ce ba ki taɓa rage wa wani kyan rerawa don kin san ba za a ambace ki ba. Uwar masu murya, mun gode.

Masu tasowa, ku koyi haƙurinta da ɗalibi, ku koyar yadda ta koyar, amma kada ku sake barin a binne sunan kowa kuna kallo. Ku kuma da kuka sayi faifan nan kuna share hawaye, ku ɗauki alƙalami ku rubuta Noeline Farrugia a bayansa da hannunku. Ita ba ta da muryar da za ta sake roƙa.