Ranar Sunan Ci-ka-binne

Duk wanda ya ce maka a tasha aka ƙirƙiro sunan ci-ka-binne, wallahi bai san zancen ba. Ni na raɗa shi, a makarantar kwana ta Daura, kuma buhuna ya tafi a kai.

Ɓawon gyaɗa ne ya toshe mana magudanar ruwa, sai malamin da ke kula da ɗakunan kwana ya kafa doka. Ba zai iya bin aljihun kowa ba, don haka sunan ya hana. Ya ji ka ce gyaɗa, bulala.

Muka koma ayaya, yadda kakata ke faɗa. Ya gano, ya hana. Wani ɗan Kongolam ya ara mana gujiya ta mutanen tsallaken iyaka, ita ma ta sha doka. Bafulatanin ajinmu ya kawo biriji daga Mashi, ashe matar Malam Bafulatana ce. Sunaye suka ƙare tas, ga ni da buhu guda a ƙarƙashin gado, guzurin zango sukutum, ba bakin tallata shi.

Na ce, “Gayu, jaririn da ba shi da suna me ake masa?”

Da hantsin Asabar muka naɗe buhun da zanen gado, muka shimfiɗa tabarma. Ɗan Kongolam ya zama maroƙi. Na duƙa na raɗa wa buhu suna a kunne, duk da sai da muka yi gardamar inda kunnen yake. Maroƙi ya kware baki: “An samu Ci-ka-binne! Allah ya raya!” Dama tun da aka kafa dokar, cikin yashi muke turbuɗe ɓawon.

Sai ga Malam a bakin ƙofa.

“Wa ya haihu?”

“Ni ne, Malam.”

Ya buɗe zanen, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa buhuna kawai nake ji.

“Ina ragon?”

“Babu hali, Malam.”

“Goro fa? Wanzami? Kai ɗan nan, haka ake suna a gidanku? Tunda ba rago, jaririn za a raba.”

Ya jera ɗalibai, kowa tafi guda, shi ya ɗebi cikin hula. Ni uban jariri ko ƙwaya, wai uba ba ya rububi. Amma sunan bai hana ba. Ya ce abin da aka yi wa addu'a ya fi ƙarfin bulalarsa.

Zangon nan gayan tuwo na ci da ruwan famfo, ina tafe ana ce mini angon ƙarni.