Mama Saratu da Tabarmar Ƙarfe Tara

Kafin a buɗe ƙofar makarantar, Mama Saratu ta riga ta iso. Daga Garam take tasowa kullum, ta sauka a bakin titi, ta ƙarasa da ƙafa tana jan gwiwar nan da ta daɗe tana yi mata gardama. Ta share ajin ƙanana, ta cika bokitin wanke hannu, ta tarbi yaran da iyayensu ke ajiyewa a gurguje don kada motar Abuja ta bar su. A takardar makaranta sunan aikinta mai raino. Ba ta da allo, ba ta da alli. Amma shekara ashirin da biyu ke nan, duk yaron da ya bi ta wannan aji a nan Suleja, a hannunta ya koyi cin abinci.

Ajinta tabarma ce. Ƙarfe tara na yi sai ta shimfiɗa ta, kowa ya buɗe kwanonsa, dokar da ta ƙirƙiro da kanta ta fara aiki: ba ka zaɓar abin da za ka fara ci, na kusa da kai ne zai leƙa kwanonka ya zaɓa maka. Abinci kuma a wurinta iri biyu ne, abokin ciki da abokin harshe. Wake, ƙwai, alale, gwanda, dafaffiyar gyaɗa, su ne abokan ciki. Alawa da biskit da lemon roba mai rina baki kuwa, ta ce irin abokin nan ne da zai raka ka bakin ƙofa ya juya. Ba ta taɓa ƙwace wa yaro komai ba. Tambaya kawai take yi: "In kana son abokinka, wanne za ka ce ya ci?" Iyaye da yawa sun sha kunya a gida. Akwai uban da ya rantse 'yarsa mai shekara huɗu ta tsare shi da ido yana buɗe kwalbar lemo ta biyu, har ya mayar da marfin.

Wadda ta fi kowa sanin nauyin tabarmar nan ita ce Tayyiba, 'yar Kano da ke aiki a Abuja tana haya a Suleja, ba uwa ba 'yar'uwa a kusa. Bara likita ya ce 'yarta Sa'ida tana da ciwon suga irin na yara, wanda sai da allura kullum, sai an lura da duk abin da zai shiga bakinta. Yarinya 'yar shekara biyar, a cikin ƙawaye masu nuna ƙauna da alawa. Mama Saratu ta bi su asibiti ta ji bayani da kunnenta. Da ta dawo ba ta ware Sa'ida a gefe ba. Ajin gaba ɗaya ta koya wa abin da ake ba ta, da abin da sai an auna jininta tukuna, da kuma cewa duk wanda ya gan ta tana gumi tana rawar jiki ya ruga ya kira babba.

Sai ga shi bana gwiwa ta ci ƙarfin Mama, ta ce za ta huta. Tun ranar da Tayyiba ta ji, abinci ya daina yi mata daɗi. Ta rubuta takardar ajiye aiki ta saka a jaka, alhali aikin nan shi ke sayen allurar. Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro, ta miƙa takardar ko ta bar 'yarta ba Mama.

Juma'ar ƙarshe ta aikin Mama, Tayyiba ta ɗauki hutu ta zo makarantar. Abin da take gudu shi ta tarar: mahaifin wani yaro mai suna Obinna ya kawo kek da kwalin lemo don murnar ranar haihuwar ɗansa. Mama Saratu kuwa, abin da ba ta taɓa yi ba, tana zaune a waje kan benci, daga nan tana hango aji ta taga.

"Mama, ba za ki shiga ba?"

"Ba zan shiga ba. Zauna, Maman Sa'ida."

Baban Obinna, mutumin kirki, bai san komai ba, yana bin yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora wa Sa'ida kwalba mai sanyi a hannu. Tayyiba ta miƙe. Mama ta riƙe mata gefen mayafi.

"In ta kai baki ni zan fara shiga. Amma ranar Litinin ba na nan, 'yata. Gara mu gani yau."

Sa'ida ta riƙe kwalbar, ta juya ta, ta manna ta a kumatu. Ta dubi ƙofa, ba Mama. Ta daɗe a haka.

"Sha mana, yau biki ne," in ji Baban Obinna.

Chisom, ƙawarta da ke kusa da ita, ta leƙa kwanon Sa'ida ta nuna ƙwai. "Wannan za ki fara." Sannan ta ɗaga kai ta dubi Baban Obinna. "Baba, ba ta shan wannan o, sai an auna ta."

Sa'ida ta miƙa masa kwalbar da hannu biyu. "Na gode, Baba. A ba Obinna."

Chisom ta tura tata kwalbar gefe, wata ƙawarsu Yejide ma haka, suka zauna su uku suna cin abin da suka zo da shi. A waje Tayyiba na kuka, Mama Saratu na yi mata tsiya wai ta jiƙa mata benci.

Mama, ke ce kika san cewa ba za a tsaya a kan yaro har abada ba, don haka kika tsayar masa da abokansa. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Mun gan ki kullum da tsintsiya, mun wuce muna sauri, ba mu ce sannu ba. Yau muna cewa. Mun gode, uwar ƙanana, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Mu kuma iyaye da malamai, kada mu jira wata Mama Saratu. Kowa ya zauna da yaransa a kan abinci, ya yi musu tambayarta, ya kuma yarda su ma su leƙa kwanonsa.

Ciwon Sa'ida yana nan, tsoron uwarta ma bai tafi ba. Amma ranar Litinin Tayyiba ta cire takardar ajiye aikin daga jaka ta bar ta a gida, ta ajiye 'yarta a bakin aji, ta shiga motar Abuja. Ta ce ƙarfe tara ya same ta a ofis, lambar makarantar na kan wayarta, babban yatsanta na kai. Ba ta kira ba.