Biyar Cikin Sha Biyar

Duk wanda ya noma shinkafa tsakanin Kura da Bunkure ya san Jemima, jagorar mata masu sheƙa. Daga kudancin Kaduna ta zo da goyo a baya, yayarta Joanna ce ta ɗauko ta, ta koya mata riƙon faifai da karanta iska. Firamare kawai ta gama, amma lissafi ya zauna mata a ka, har 'ya'yan maƙwabta suke kawo mata aikin gida. In littafi ya ce ɗaya bisa uku na awaki sun ɓata, kafin yaro ya feƙe fensir ta ba da amsa, ta kuma tsokane shi da cewa makiyayin nan barci ya yi.

Bana Alhaji Maharazu, mai gonar da suka fi dogara da ita, ya ɗauko hayar injin da ke casa ya kuma sheƙe. Ya kira ta bakin kwalbati.

"Maman yara, gobe kashi ɗaya cikin uku na matanki za ki kawo, masu zafin nama. Tsince-tsince kawai ya rage."

"Alhaji, a ƙara ko biyu mana."

"Wallahi biyar ɗin ma don mutunci ne."

Su goma sha biyar ne, amsa biyar ke nan, har da ita. Ko ɗan aji uku zai faɗa. Sai dai littafi bai taɓa tambayarta waɗanne awakin ne suka ɓata ba. Ta zauna a kan kunyar gona tana lanƙwasa yatsu. Wannan mijinta na kwance, waccan marayu gare ta. Ta gwada cire kanta, amma Alhaji da ita ya sani, ba jagora ba aiki. Joanna kuwa gwiwa ta cinye ta, in ta durƙusa sai an kama ta. In aka kai ta, nan gaba ko biyar ɗin ba za a kira ba. Jemima ta ji tsoro, ta ji kunya, ta kuma rasa wanda za ta yi fushi da shi.

Da safe Joanna ta iso da faifanta, ta ɗaura ɗamara kamar kullum. Jemima ta kira sunaye huɗu, idonta a ƙasa. Joanna ta ɗan jira, ko akwai saura. Sannan ta miƙo faifan.

"Riƙe wannan, ƙanwata. Naki ya yage a baki."