Kayen Mushe Ilu da Babu Suna a Bangonsa

Ina cikin aji a Tanut, ina rubuta darasi a allo, Hadiza, ɗiyar Mushe Ilu, ta kira ni daga Belbeji. Ta ce, "Baba Isa, Baba ya cika bayan azahar." Na sallami yara, na nufi tasha.

Mushe Ilu (mushe muke ce wa malamin boko) shi ya koya mini kimiyyar halitta a lise, wato babbar sakandare, daga baya muka koyar tare shekaru masu yawa. Darasin da ya fi ƙauna shi ne na paratiroyid, wasu ƴan ƙulluwa huɗu a bayan maƙogwaro, masu fitar da sinadarin da ke daidaita kalsiyom a jini. Da rijiyar makiyayan Tenhya yake bayyana shi. Yakan ce, "Ƙwayar gadon wannan sinadari rijiya ce. Ruwa na ciki, amma ba ya hawowa da kansa." Masu jan guga su ne furotin da ke zama a bakinta, irin su GCM2, su sa a kwafe ta. Idan bitamin D ya haɗu da makarɓinsa, sai su ce ya isa, a rage ja. Yaron da bai gane ba, yakan tambaye shi, "Kai, a garinku rijiya ce ke bin shanu?" Aji ya fashe da dariya, ya sake bayani daga farko.

Wannan bayani ya rubuta da Hausa a kaye guda, wato littafin rubutu, da hannunsa. Bai sa suna ba. Haka ya gada daga malaman zaure, in ji shi, mai rubutu ba ya tallar kansa.

Wani tsohon ɗalibinmu da ke koyarwa a birni ya roƙi kayen don a buga. Mushe Ilu ya yi jinkiri. Ni na matsa masa, ni na miƙa da hannuna, ba shaida, ba kwafi, domin ɗanmu ne. Littafin ya fito da sunan wancan shi kaɗai, har da rijiyar Tenhya, garin da bai taɓa takawa ba.

Da na kai wa Mushe Ilu littafin, ya duba bango, ya juya shafi biyu, ya ce, "Isa, ya gyara mini waƙafi. Yana da ƙoƙari." Bai ƙara ɗaga maganar ba. Bai kuma ƙara rubuta komai ba.

A wurin gaisuwa an ce in bar zancen, tunda mai abin ya tafi. Na kasa. Shi ya sa nake rubutawa a nan, inda kowa zai gani: aikin nan na Ilu ne, ni shaida ne, kuma ni na bari aka raba shi da shi.

Allah Ya jiƙan Mushe Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi ladan duk wanda ya karanta, ko da sunan wa aka karanta. Allah Ya ba matarsa Hajiya Zuwaira da Hadiza da ƙannenta haƙuri, Ya yafe mini nawa sakacin. Amin.