Kwalbar Ruwan Bara

Shekarar da fari ya cinye shanun Baba, muka ɗauko shi daga Tawa muka kawo shi gidana a unguwar Wadata. Ba ya fita, ba ya hira. Rediyo kaɗai ta rage masa. Da batirin mota muke kunna ta, yana kasa kunne ko sojoji za su ambaci garinmu a rabon hatsi.

Ni ne ɗan lakkwal a gidanmu, wato ɗan boko, ni na karanci lantarki, saboda haka cajin batirin nan aikina ne, kuma ina ji da shi. Wata Talata na maƙala sharjar, abin cajin, allurarsa ta ƙi motsi. Na canza fizibil, wato fis. Na kankare bakin wayoyi. Na kwance shi gaba ɗaya na baza kayan cikinsa a tabarma. Kwana uku ina fama, Baba na zaune yana kallona, rediyo shiru.

Rana ta huɗu ƙanena ya dawo daga tafiya. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Bai ko kalli sharjar ɗin ba, ya buɗe murafan batirin ya leƙa.

"Yaya, ai ƙishirwa yake ji. Ya bushe ƙaf."

"To ga famfo can," na ce a fusace.

"Na famfo kashe shi zai yi. Sai ruwan sama."

Na yi dariya. Ruwan sama, bana? Sai ya nufi motarsa ya jawo kwalba daga ƙarƙashin kujera. Ruwan saman bara ne, a Gaya ya tare shi saboda batirin kamyonsa. Ya ɗura, ni kuma na harhaɗa sharjar ɗin na maƙala. Allura ta ɗaga.

Baba bai tambayi rediyo ba.

"Miƙo mini kwalbar nan," ya ce.

Ya sansana, ya ɗiga sauran a tafin hannu ya shafa a fuska. Sannan ya riƙe hannun ƙanena yana ta sa masa albarka. Ni da na yi kwana uku durƙushe a gabansa, ko duba inda nake bai yi ba. Kishi ya turnuƙe ni, ranar ko tuwo ban ci ba.

Da ruwan farko ya sauka na fita da kwano na tara, na cika kwalba tawa. Baba ya riga ya rasu da wata biyu. Har yau duk damina sai na cika ta.